Tsarabar Matafiyi: Hoto da Bayaninsa

Da zarar an gama girbi a ƙasar Shanono, an ɗaure dammunan gero da dawa an kai rumbu, sai samari su fara raguwa a ƙauyuka. Wasu su nufi Kano, wasu Abuja, wasu Ikko ko Fatakwal, wasu kuma su tsallaka iyaka zuwa Nijar, Kamaru ko Gana. Akwai mai dawowa da faɗuwar ruwan shuka, akwai kuma wanda sai ya shekara biyar ko goma kafin a sake jin sallamarsa a zaure. In aka haɗa da alhazai da ɗaliban da ke karatu a Masar ko Sudan, za a ga cewa wannan yanki na manoma, wanda ke tsakanin Gwarzo da Bagwai da Tsanyawa da iyakar Jihar Katsina, yana da idanu a wurare masu nisan gaske. A yau kuwa da yawa daga cikin matafiyan nan suna riƙe da waya mai ɗaukar hoto.

To, ina ilmin da waɗannan idanu suka gano yake tafiya? Galibi yakan ƙare a hirar dare ɗaya ko biyu a dandali, hotunan kuma su salwanta ranar da wayar ta lalace ko aka sayar da ita. Wannan asara ce babba. Hoto yana zama ilmi ne idan an san inda aka ɗauke shi, da ranar da aka ɗauke shi, da gaskiyar abin da yake nunawa, sannan aka ajiye shi inda na baya za su same shi. Matafiyin da ya daɗe a waje, garinsu yana bin sa bashin irin wannan tsaraba.

Darasi daga magabata

Doguwar tafiya tsohuwar al'ada ce ga Bahaushe. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin madugai zuwa Gwanja don sayen goro, kuma ayari kan yi watanni da yawa kafin ya je ya dawo. Maniyyata aikin Hajji sun bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa har zuwa bakin Bahar Maliya, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, ta yadda tafiyar kan ci shekaru. Wasunsu ba su dawo ba, kamar mutanen da suka kafa garin Mai Wurno a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Dubban mutane ne suka bi waɗannan hanyoyi, amma 'yan ƙalilan ne labarinsu ya wanzu, domin mafi yawansu a baki suka ba da shi, aka kuma binne su da shi.

Dorugu yana cikin waɗannan ƙalilan. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth zuwa Tambutu, ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, ya isa London a 1855. A Ingila ya ba wani malamin mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Dorugu bai fi fataken zamaninsa yawo ba. Abin da ya bambanta shi da su shi ne an rubuta abin da ya gani. Haka nan Barth, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, yakan rubuta rana da wuri da farashin kaya, ya kiyasta mazaunan birnin da kimanin dubu 30, ya kuma zana hoton birnin daga kan Dala. Shi ya sa har yau masu nazarin tarihin Kano ba sa iya tsallake littattafansa. Alhaji Abubakar Imam ma da ya je Ingila a 1943 tare da tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Dukansu sun ɗauki labarin tafiya a matsayin haƙƙin waɗanda suka zauna a gida.

Yadda hoto yake zama hujja

Asalin hoto haske ne. Idan aka rufe ɗaki ya yi duhu ƙirin, aka bar wata 'yar ƙaramar huda a ƙofa, siffar abin da ke waje za ta bayyana a bangon ciki a kife, saboda haske a miƙe yake tafiya. Masanin nan Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce. Abin da ya rage shi ne a sami hanyar kama siffar ta zauna, kuma an bayyana irin wannan hanya ga jama'a a Faransa a 1839. Kyamarar da ke cikin wayar hannu ɗakin duhu ce 'yar mitsitsiya. Maimakon bango, tana da wani ɗan allo mai miliyoyin ɗigo-ɗigo, kowanne yana auna hasken da ya sauka a kansa ya mayar da shi lamba. Tare da waɗannan lambobi, wayar takan rubuta rana da lokacin da aka ɗauki hoton, kuma in an kunna mata tsarin GPS mai aiki da taurarin ɗan'adam, har wurin takan rubuta. Sai dai da yawa daga cikin manhajojin aika saƙo sukan rage girman hoton su goge wannan bayani. Don haka hoton da ya bi ta wayoyi goma yakan iso ba uwa ba uba.

Amfanin hoto mai kwanan wata ya fito fili a maƙwabciyar ƙasa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, masana da yawa sun ɗauka cewa itatuwan ƙasar Maraɗi da Damagaram sun tafi ke nan. Amma tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi lokacin sharar gona, abin da ake kira sassaben zamani. Ba a gane girman aikin ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka jera hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 kusa da sababbin hotunan wuraren. Sai ga gawo da sauran itatuwa sun cika gonakin da a da suke fili. An kiyasta cewa abin ya shafi hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A nan Kano ma, Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero sun yi amfani da tsofaffin hotunan sama suka nuna cewa manoman karkarar da ke kewaye da birni sun riƙe itatuwan gonakinsu, duk da yawan jama'a da buƙatar itacen girki. Da a ce tsofaffin hotunan ba su da rana da wuri, da ba su tabbatar da komai ba.

Wannan ya shafi ɗan cin ranin Shanono kai tsaye. Wanda ya ga yadda ake noman rani da rijiyar burtsatse a fadamar wani gari, ko yadda manoman Maraɗi suke gyara tohon gawo, ko yadda ake adana wake a buhu mai leda biyu a ciki ba tare da magani ba, ya ɗauki hoton daki-daki ya rubuta sunan garin da watan da kuɗin da abin ya ci, to ya kawo wa gonar mahaifinsa tsarabar da ta fi turmin atamfa. Wanda kuwa ya dawo da hoton kansa kaɗai a gaban dogon bene bai ƙara wa kowa sani ba.

Hoton da ke ɓoye rabin labari

Akwai kuma haɗari. Kyamara tana ɗaukar abin da aka nuna mata ne kawai. Saurayin da ke kwana a ƙarƙashin gada a Ikko yana iya aron riga ya jingina da motar wani, ya aiko da hoton gida. Ƙannensa da ke kallo ba za su ga gadar ba, ba kuma za su ga kwanakin da ya yi bai ci ya ƙoshi ba. Haka hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya ba ta cika fitowa a hotunan waɗanda suka tsira ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamadar arewacin Nijar bayan motocinsu sun lalace. A 2017 kuma duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙin haure a Libiya, abin da ya sa aka shiga kwaso dubban 'yan Nijeriya zuwa gida. Talauci ne ke fitar da mutane, wannan gaskiya ne, amma labarin da aka tace aka bar zaƙinsa kawai yana ƙara ingiza su. Matafiyi mai amana zai faɗi kuɗin mota da kuɗin ɗaki, da abin da ya samu da abin da ya rasa, domin mai shirin bin sawunsa ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Wasu za su ce nuna hotunan tafiya alfahari ne, wasu kuma suna da shakku na addini game da hoton abu mai rai. Waɗannan dalilai ne da ya kamata a girmama. Sai dai mafi yawan abin da ke da amfani ga manomi ko ɗalibi, wato gona da madatsar ruwa da kasuwa da injin da irin shuka, ana iya ɗaukarsa ba tare da fuskar kowa ta fito ba. Inda kuwa ya zama dole mutum ya fito, ladabi ya wajabta a nemi izninsa, musamman mata da yara da marasa lafiya. Baƙon da ya ɗaga kyamara a gidan mutane ba sallama ya yi abin kunya, ko a Shanono ne ko a Makka.

Abin da ya kamata a yi

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Da farko, matafiyi ya riƙe ɗan littafi, da boko ko da ajami, ya riƙa rubuta wa kowane muhimmin hoto abubuwa huɗu: wuri, rana, abin da ake gani, da abin da ba a gani a ciki. Na biyu, ya zaɓi kaɗan mafiya amfani a wanke su a takarda, a rubuta bayanin a baya, domin takardar da aka adana daga damshi da gara takan daɗe fiye da waya. Na uku, makarantun sakandaren yankin su buɗe kundi inda za a riƙa ajiye kwafin waɗannan hotuna, malaman labarin ƙasa da na aikin gona su gayyaci waɗanda suka dawo su yi wa ɗalibai bayani. Na huɗu, ɗalibai su ɗauki muryar tsofaffin alhazai da fataken da suka rage tun suna raye. Cibiyoyi irin su Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya a Kano, da Arewa House a Kaduna, su ne suka dace su koyar da hanyar adanawa su kuma karɓi kwafi.

Bugu da ƙari, kyamarar da ta yi yawon duniya ya kamata ta juyo gida. Idan kowace shekara, a wata guda, aka tsaya a wuri guda aka ɗauki hoton fadama ɗaya ko kan gona mai ɗorawa da kuka, bayan shekara ashirin mutanen Shanono za su mallaki tasu hujjar game da zaizayar ƙasa da ƙaruwa ko raguwar itatuwa, ba sai sun jira baƙo ya zo ya gaya musu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma ganin da bai zama rubutu ba, shekaru kaɗan ne zai koma ji, daga nan kuma ya ɓace. Dorugu ba shi da kyamara, ga shi ana karanta labarinsa bayan fiye da shekara 160 da ba da shi. Jikokin manoman yau ma suna da haƙƙin sanin abin da iyayensu suka gano.