A riƙa ƙidayar kifin kogunanmu damina da rani

Daga Yauri har Nguru, kukan masunta ɗaya ne: kifi ya ragu, wanda ake samu kuma ya ƙanƙance. Giwan ruwa da yauni da ragon ruwa, waɗanda a da suke cika kwale-kwale, yanzu sai an yi dace. Amma idan aka tambayi hukuma nawa ne ya ragu, a wane kogi, kuma wane iri ne ke dab da ɓacewa, da wuya a samu amsa mai lissafi. A ganinmu, gyara zai fara ne daga nan.

Rayuwar kifin kogi tafe take da ruwa. Idan damina ta kankama, kogi ya tumbatsa ya shiga fadama, nan tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu suke bi su yi ƙwai, 'ya'yan su girma cikin ciyawa kafin ruwa ya janye. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ga raga mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi tun bai isa haihuwa ba, ga masu zuba guba, duk da dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta hakan.

Shi ya sa ziyarar jami'i sau ɗaya a shekara ba ta isa ba. Dole ma'aikata su riƙa komawa mashigai iri ɗaya lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa, su auna tsawon kifi da nauyinsa, su duba masu ƙwai, su rubuta yawan jirage da irin kayan su da ake amfani da su. Sai an jera shekaru ana haka kafin a bambance shekarar fari da ɓarna mai ɗorewa.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi irin wannan ƙidaya a tafkin Kainji, kuma bayanan da aka tara su suka kai ga hana jan taru mai shara a gaɓar tafkin. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana nan da masananta. Abin da take bukata shi ne kuɗin mai, da jirage, da alawus ɗin masu fita daji a kan kari.

Muna kira ga gwamnatocin Kebbi, Neja, Jigawa, Yobe da Borno su sa wannan aiki cikin kasafinsu na kowace shekara. A kuma jawo sarakunan ruwa a jiki, domin su suka san maɓoyar kifi da lokacin ƙwansa, kuma Argungu ta daɗe da nuna cewa masunta suna mutunta rufe ruwa idan umarnin ya fito daga nasu. A riƙa buga sakamakon da Hausa, a kuma ajiye shi gaban masu kula da madatsun ruwa kafin su yanke lokacin sakin ruwa.