KAFIN KA SAYI IDON KYAMARA, TAMBAYI INJINSA

Maganarmu ta yau da 'yan'uwanmu ce masu sana'ar ɗaukar hoto a Ikko da Badun, musamman masu shiga kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja neman idon kyamara na gwanjo. A cikin yawancin idanun nan akwai wani ɗan inji mai motsa gilasai har hoto ya fito tangaran, ba sai an murɗa da hannu ba. Dillalai kan cika wa mai saye kunne da sunayen injin nan don su tsauwala kuɗi. To, a ganinmu wuri biyu kaɗai ya kamata mutum ya damu da shi.

Na farko shi ne dacewa da kyamararka. Tsofaffin idanun Nikon masu alamar AF-D ba su da inji, kyamara ce ke juya su. Tun daga D40 ta 2006 kuwa, ƙananan kyamarorin kamfanin, irin su D3200 da D5300, ba su da injin juyawar. Wanda ya haɗa biyun sai dai ya yi ta murɗa da hannu, amarya na wucewa. Mai irin wannan kyamara AF-S zai nema. Haka nan AF-P, da ya fito a 2016, ba ya aiki a kan D90 ko D3100. Masu Canon sun huta da wannan, domin tun 1987 kamfanin ya sa injin a cikin ido.

Na biyu shi ne bidiyo. Tsohon inji yana da ƙara, kuma duk za ta shiga cikin sautin ɗaurin aure. Injin STM da Canon ya kawo a 2012 yana tafiya shiru a hankali, shi kuwa USM sauri gare shi, ya fi dacewa da ƙwallo ko sukuwar dawaki.

Ban da waɗannan, hoton mutum a tsaye kowane inji ya isa. Kuɗinka ya fi amfani wajen gilashi mai kyau. Haska shi da tocila, domin laimar kudu tana sa fumfuna ta kama cikinsa, kuma ba injin da ke gyara wannan.

Saboda haka, ɗan'uwa, tafi kasuwa da kyamararka, ka ɗaura idon, ka gwada shi kusa da nesa kafin ka ƙirga kuɗi. Gani ya kori ji. Allah ya ba da sa'a.