Zanin Gadon Auduga Ya Fi Mai Ƙyalli

'Yar'uwa mai juna biyu, in za ki sayi zanin gado, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Mai santsin nan na roba ba ya shan gumi. Zafi zai ishe ki cikin dare, ki yaye gidan sauro don ki sha iska. Abin da sauro ke jira ke nan.

A Kura da Bunkure, ruwan madatsar Tiga yana kwance a gonakin shinkafa har da rani, don haka sauro ba ya ɗaukewa. Zazzaɓinsa kuwa kan jawo wa mai ciki ƙarancin jini, ko ɓari, ko haihuwar jariri marar nauyi.

A ganina gara ki nemi na auduga guda biyu, ana wanke ɗaya, ɗaya na kan gado. Ki cusa bakin gidan sauro mai magani ƙarƙashin katifa. Daga wata na bakwai ki riƙa kwanciya ta gefe, da matashi tsakanin gwiwoyinki.

Maigida, wannan ɗawainiya taka ce, kuma ta fi jinya sauƙi. Allah ya raba lafiya.