Labarin Birnin Gwari: wa ya gani da idonsa?

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, amma an yi shekaru da dama ba a bin hanyar sai da rakiyar jami'an tsaro ko da kasada. Gidan jaridar da ke fama da biyan albashi da wuya ya tura wakili Kuyello ko Damari. Saboda haka yawancin abin da ake bugawa game da dajin Kamuku da na Kuyambana ta waya yake isowa: saƙon WhatsApp, ko rubutu a Facebook, ko bidiyon da ba a san wanda ya ɗauka ba.

Majiyoyin ba su da yawa. Akwai ƙungiyoyin 'yan gari, irin ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, waɗanda sanarwarsu kan zama labarin gobe kusan kalma da kalma. Akwai gwamnati: a zamanin Kwamishina Samuel Aruwan, ma'aikatar tsaron cikin gida ta jihar Kaduna ta riƙa fitar da bayanai akai-akai, kuma daga gare ta aka ji cewa an kashe mutum 937 a jihar a 2020, sai 1,192 a 2021. Sai kuma su kansu 'yan bindigar, da suka gane cewa waya makami ce. Bidiyon da aka saki a Yulin 2022, inda ake dukan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, an ɗauke shi ne don a yaɗa, aka kuwa yaɗa. Kowace daga cikin majiyoyin nan tana da abin da take so a ji.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda labari ke zagayawa. Mutum ɗaya ya tura saƙo, wani shafi ya wallafa, jaridar intanet ta kwafa, wata ta ambato ta. Kafin la'asar edita ya ga zancen a wuri biyar, sai ya ɗauka an tabbatar, alhali tushen ɗaya ne. Manhajar da ke zaɓa wa mai karatu abin da zai gani kuwa tana fifita abin da ya riga fita kuma ya fi tada hankali, don haka wanda ya tsaya bincike shi ke asarar masu karatu.

Kuriga ta nuna sakamakon. Garin na ƙaramar hukumar Chikun ne, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Da aka sace ɗalibai ranar 7 ga Maris 2024, adadin 287 ya karaɗe duniya cikin sa'o'i. Da aka sako su bayan mako biyu da 'yan kwanaki, hukumomi suka ce 137 ne gaba ɗaya. Bambancin yara 150 ba kuskuren biro ba ne, kuma kafafe ƙalilan ne suka koma garin suka ƙirga da kansu.

Dogaro da waya yana da wani rauni. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a sassan jihar, har da Birnin Gwari, na kusan wata biyu. Rahotanni suka ragu, ba tare da wata hanyar sanin ko hare-haren ne suka ragu ko masu ba da labarin ne aka toshe wa baki ba. Shiga dajin ma yana da farashi: a Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci tarar gidan talabijin na Trust TV naira miliyan 5 kan shirin da ya yi game da 'yan fashin daji. Mai kwafowa daga Facebook bai biya ko sisi ba.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu. Labarin zaman lafiyar ma ta waɗancan hanyoyin yake fitowa, da hotuna da sanarwa. Editan da zai buga shi ya faɗa wa mai karatu ƙarara ko wakilinsa ya taka ƙafa a Dogon Dawa da Randagi, ko kuwa saƙo aka turo masa.