A Cire Wa Ɗakin Karatu Kwaɗo, A Danƙa Shi Ga Ƙungiyoyin Ɗalibai

Wanda duk ya shiga ɗaya daga cikin makarantunmu na sakandare na gwamnati, ta kwana ko ta jeka-ka-dawo, ya nemi a nuna masa ɗakin karatu, galibi abin da zai fara gani shi ne yaro an aike shi neman mabuɗi, domin mabuɗin yana aljihun wani malami, malamin kuwa yana aji ko ya tafi ma'aikata bin takardu. In an yi dace an buɗe, sai a tarar ƙurar hunturun bara tana kwance bisa kantoci, kwalayen littattafan da aka aiko suna jibge a kusurwa ko igiyarsu ba a kwance ba, karyayyun kujeru sun cinye rabin ɗakin, gara kuma ta ja hanyarta daga ƙasa har ta kai ga ƙamus. Jama'a sun saba ɗora laifin wannan hali bisa rashin kuɗi, kuma ba na musun akwai ƙarancinsu; amma ni a ganina asalin illar tana wani wuri dabam, wato mun ɗauki littafi kayan ajiya ne da za a ƙidaya, alhali shi abin aro ne da ya kamata ya tsufa a hannun yara.

Dalilin kulle ɗakin ba ɓoyayye ba ne. Malamin da aka ɗora wa kula da shi, wanda mafi yawa malamin Turanci ne ko na Hausa da ke da nasa darussan cike da mako, ya san kowane littafi yana rubuce cikin rajistar kayan gwamnati, yana kuma tsoron ranar da masu bincike za su zo ƙidaya a ce ya kawo abin da ya ɓace. Mutumin da aka ba amana a kan wannan sharaɗi, ba a rage masa aiki ba, ba a koya masa tsarin ba da aro ba, ba a kuma ba shi mataimaki ba, babu abin da hankali zai nuna masa illa ya sa kwaɗo ya huta. Ta haka ne ake samun rumbu cike da hatsi, ƙwari na ci, masu gida na kwana da yunwa.

Alhali kuwa ba haka magabatanmu suka riƙi littafi ba. A zaurukan malamai, tun kafin zuwan injin ɗab'i, almajiri yakan ari littafin malaminsa ya tafi da shi cikin gafaka, ya zauna ya kwafe shi da alƙalami da tawada, ya dawo da shi, wani kuma ya karɓa, har gefen takardun ya cika da hashiyar waɗanda suka yi muɗala'arsa. Shaihu Ahmad Baba na Tambutu, wanda aka ruwaito cewa littattafansa sun kai 1,600 lokacin da rundunar Maroko ta kama shi, darajarsa ta tabbata ne ta wajen karantarwa da fatawa. Nana Asma'u 'yar Shehu kuwa, da ta ga matan ƙauyuka ba za su iya zuwa inda ilmi yake ba, sai ta naɗa mata malamai, waɗanda ake kira jajis, suna kai musu shi har gida. Ilmi a wurin waɗannan bayin Allah abu ne mai yawo tsakanin mutane, kuma ɓoye shi abin zargi ne a shari'a.

Ko a zamanin boko ma, in aka duba da idon basira, za a ga cewa abin da ya fito da manyanmu shi ne haɗuwar karatu da muhawara. Lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labarai a 1933, Abubakar Imam malami ne matashi a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a Midil ta Bauchi, kuma daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. A Bauchin nan dai, cikin shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da abokansu suka riƙa zama a dandalin tattaunawa, kowa ya karanto abin da ya samu ya zo ya kare shi a gaban 'yan'uwansa, kuma daga irin wannan zama ne siyasar Arewa ta fara buɗe ido. Littattafan da ke hannunsu ba su kai na wata ƙaramar makaranta ta yau ba. Bambancin shi ne suna da majalisar da ke tilasta wa mutum ya yi nazari kafin ya buɗe baki.

Saboda haka shawarata ita ce a mayar da ɗakin karatu mazaunin ƙungiyoyin ɗalibai, a kuma ba su rabo daga amanarsa. Ƙungiyar muhawara, wadda a wurare da yawa ta koma haddar jawabin da malami ya rubuta, a ba ta batu tun da sauran mako biyu, a kafa ƙa'ida cewa ba a karɓar hujja sai mai ita ya faɗi littafin ko jaridar da ya samo ta, har da shafi; yaron da aka taɓa kayarwa a gaban tsararrakinsa don ya zo hannu rabbana, ba sai an kora shi ɗakin karatu da bulala ba. 'Yan ƙungiyar jarida su riƙa tara Aminiya da sauran jaridu, su ɗinke su wata-wata, su fitar da tasu a allon sanarwa. Masu wasan kwaikwayo su ɗauko Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu daga kanta su tsaya da su a dandali, 'yan ƙungiyar Hausa su rera Infiraji da Fasaha Aƙiliya da murya, domin don kunne aka tsara su. Daga kowace ƙungiya a zaɓi ɗalibai biyu masu riƙon amana su karɓi rajistar aro bi da bi, su koyi jera littattafai da gyaran bangon da ya yage, malami yana duba su. Kuma tun da 'yan mata da yawa a makarantun jeka-ka-dawo ba su da halin tsayawa bayan an tashi, wajibi ne a sa sa'ar ɗakin karatu cikin jadawali, kada a bar ta ga wanda ya sami sarari.

Za a ce yaran yanzu ba su son karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Wannan magana ba ta gamsar da ni ba. Shekara da shekaru 'yan mata a Kano suna biyan kuɗinsu a shagunan hayar littattafai don su karanta Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, yau kuma ƙannensu suna bin dogayen labarai babi-babi a WhatsApp, wasunsu ma suna aika nasu ga gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Sha'awa tana nan, makaranta ce ta kasa tarbarta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne littafin labari guda ɗaya da hukumar JAMB kan wajabta wa masu neman shiga jami'a, wanda ɗalibai da yawa ba su karanta shi, sai dai su haddace taƙaitawa da tsofaffin tambayoyi. Da kwafi ashirin suna zagayawa tsakanin 'yan ajin ƙarshe, ana zama duk mako a tattauna babi guda, da an ci jarrabawa an kuma ci moriyar karatun. Haka nan tun 2015 jarrabawar ta koma bisa kwamfuta gaba ɗaya, don haka 'yan kwamfutoci kaɗan da wutar sola a ɗakin karatu sun zama larura ga ɗan talakan da ba shi da ita a gida.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda Allah Ya hore wa dama suna gina ƙofa da katanga, ina roƙonsu su tuna cewa wakafin littafi sadaka ce mai gudana, su tambayi yaran abin da suke so kafin su saya, su kuma riƙa zuwa da kansu suna alƙalanci a muhawara.

Sai dai duk wannan ba zai tabbata ba muddin tsoron ƙidaya yana wuyan malami. Littafin da ake ara dole wani ya yage, wani ya ɓace, kuma wannan asara ce da ya kamata hukuma ta ɗauka da saninta, kamar yadda take ɗaukar ƙarewar alli. Ina kira ga kwamishinonin ilmi na jihohinmu su aika wa shugabannin makarantu takarda a rubuce cewa littafin da ya salwanta ta hanyar aro, matuƙar an shigar da shi rajista, ba za a nemi diyyarsa daga malami ba. A rage wa malamin da ke kula da ɗakin darussa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Kuma sufeto in ya zo zagaye, ya fara da buɗe rajistar aro ya ga yara nawa suka karɓi littafi a wannan zango.