Fim Ya Dawo, Amma Wa Zai Gyara Kyamarar?

Yau muna da ja da masu shelar cewa tsohuwar kyamara ta farfaɗo, wato irin wadda ake ɗura wa fim, a ɗauki hoto 24 ko 36, sannan a kai a wanke. Suna da hujja. Kodak, wanda bashi ya durƙusar a 2012, ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018. Leica na Jamus ya sake ƙera M6 a 2022, Ricoh na Japan kuma ya fito da sabuwar Pentax 17 a 2024. Mun ji. Sai dai ana ta guɗa an manta da mai gyara, alhali ran sana'ar a hannunsa yake.

Yawancin kyamarorin da matasa ke rububi yau sun girme su. Man da ke cikin haƙoran ƙarfensu ya daskare, soson da ke hana haske shiga ta bakin murfi ya zama danƙo, gilashin wasu ya yi fumfuna. Duk wannan yana gyaruwa, in akwai mai sani da kayan gyara, kuma su biyun ne ke ƙarewa.

Ku dubi Pentax K1000, da aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997. Ƙarfe ce da sifirin, batirinta na awon haske ne kawai, don haka gwani zai warware ta, ya wanke, ya mayar. Contax T2 kuwa, da ake saye da ɗan karen tsada, lantarki ke tafiyar da ita, kuma Kyocera da ya ƙera ta ya bar harkar kyamara tun 2005. In wani abu ya ƙone a cikinta, galibi sai an farke wata an ciro. Kowane gyara cin wata kyamarar yake yi, rumbun kuma ba a ƙara masa hatsi.

Laifin farko na kamfanoni ne. A 2012 Nikon ya daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu a Amurka kayan gyara. Canon ya daina sayar da EOS-1V a 2018, Nikon ya tsayar da F6 a 2020. Za a ce kamfani ba gidan sadaka ba ne. Gaskiya ne, ba mu ce su yi ta ƙera abin da ba riba ba. Cewa muka yi su saki littattafan gyara da zanen sassan, tunda sun gama cin kasuwarsu. Me ɓoyon zai ƙara musu?

Laifi na biyu na masu saye ne. Mutum zai zuba kuɗi a kan kyamara bai taya ba, amma in mai gyara ya faɗi ladan aikin yini guda, sai ya ce an cuce shi. Wane yaro zai zauna koyon sana'ar da ba ta ciyar da maigidansa? Mu ma nan mun ga yadda teburin mai gyaran agogo ke tashi daga bakin kasuwa ba magaji.

Shi kansa Ricoh, da zai ƙera Pentax 17, sai da ya nemi shawarar injiniyoyinsa da suka yi ritaya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsofaffin ba za su dawwama ba. Shi ya sa muke jinjina wa masu horar da sababbin masu gyara a garin Tampere na Finland. Duk mai son hoton fim da gaske, ya biya mai gyara haƙƙinsa, ya matsa wa kamfani ya saki takardu, ya kuma rubuta abin da tsohon gwani ya sani tun yana iya faɗa. In ba haka ba, za a wayi gari ga fim a shago, ba kyamarar da za a ɗura shi.