Daga Bakin Allo: Wasa Guda, Rassa Da Yawa

Maganarmu ta wannan wata wani ɗalibina ne ya jawo ta. Ran nan bayan an tashi makaranta ya tsayar da ni a bakin titi nan Tafo, ya nuna mini wani wasan Turawa a wayar yayansa, ya ce, “Malam, wai me ya sa kowane wasa sai ya haifi wani? Kafin in gama wannan, an ce akwai ƙaninsa.” Na yi dariya na ce masa ya dakata sai na shiga mota na yi tunani. To, ga amsar, na kawo ta nan don iyaye ma su ji, domin akwai rabonmu a cikinta.

Wasan da yaron ya nuna mini shi ne Doctor Who, na gidan talabijin na BBC a Ingila. An fara nuna shi ran 23 ga Nuwamba, 1963, wato kashegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Labari ne na ƙagen kimiyya, a kan wani baƙo daga wata duniya wanda yake yawo cikin zamanai, yau yana shekara dubu baya, gobe yana shekara dubu gaba, cikin wani akwati shuɗi mai kama da ɗakin wayar 'yan sanda. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai riƙe alli shi ne, abokan tafiyarsa na farko malaman makaranta ne guda biyu, ɗaya na kimiyya, ɗaya ta tarihi, domin tun asali an so yara su ƙaru da ilimi suna kallo.

A 1966 ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Dakta, William Hartnell, rashin lafiya ya ci ƙarfinsa. Sai masu shirin suka ƙago dabara, suka ce ai wannan baƙo yana iya sake jiki da fuska idan ya tsufa, suka ɗora Patrick Troughton. Da wannan dabara wasan ya kai 1989 kafin a dakatar da shi, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 2005. Daga 2023 zuwa 2025 ma Ncuti Gatwa, haifaffen ƙasar Ruwanda, shi ya riƙe matsayin.

To, bishiyar da ta daɗe haka dole ta yi rassa. A watan Disamba na 1981 aka ɗauki wata 'yar jarida ta cikin labarin, Sarah Jane, aka haɗa ta da wani karen ƙarfe, aka yi musu wasan kansu mai suna K-9 and Company. Kashi ɗaya tak aka nuna, ya mutu. A 2006 aka fito da Torchwood, na manya, wanda aka kafa labarinsa a birnin Kadif, ya yi zango huɗu zuwa 2011. A 2007 aka sake dawo da ita Sarah Jane ɗin nan, aka ba ta wasan yara, ya karɓu ƙwarai, bai tsaya ba sai da mai fitowa a matsayin, Elisabeth Sladen, ta rasu a 2011. A 2016 kuma aka yi Class, labarin 'yan sakandare a makarantar da malaman nan biyu suka koyar, ya yi kashi 8 aka rufe shi.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga shi a nan 'ya'ya biyu sun yi gudu, biyu sun yi rarrafe. A ganina dalilin a fili yake. Waɗanda suka rayu sun san wa suke yi wa magana: ɗaya ya ɗauki manya bayan yara sun yi barci, ɗaya ya ɗauki yara bayan an taso daga makaranta, kowanne da gidansa da mutanensa. Waɗanda suka mutu kuwa, a nawa hangen, sun jingina ne da sunan uba kawai. Mu ma a Gana mun ga irin wannan. Waɗanda suka kalli Things We Do for Love suna samari sun ga yadda YOLO ya tsiro daga gare shi, har Pusher ya dawo ya manyanta, amma labarin na sababbin yara ne da nasu matsalolin, shi ya sa ƙannenmu suka rungume shi.

Amma akwai wani sharaɗi da ya riga wannan, wato a adana gindin bishiyar, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙasarmu. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin faya-fayenta don ta sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu, har aka rasa kashi da dama na wannan wasa. Fiye da 90 sun yi ɓatan dabo. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka sayar wa gidajen talabijin na waje, cikinsu har da Gana da Nijeriya. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos, cikinsu akwai kashi 9 da aka riga aka fid da rai da su, na labarai biyu, The Enemy of the World da The Web of Fear, na shekarun 1967 da 1968. A cikin na biyun ne aka fara ganin wani hafsan soja, Kanar Lethbridge-Stewart, wanda daga baya ya shugabanci rundunar UNIT ta cikin labarin, kuma a kan wannan runduna aka gina sabon reshe, The War Between the Land and the Sea, da BBC ta nuna a ƙarshen 2025. Wani abin takaici, kashi na 3, inda Kanar ɗin ya fara bayyana, bai dawo tare da sauran ba. Ku duba fa, kayan da masu shi suka goge a Landan, kanta ce a Jos ta riƙe shi shekaru masu yawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu mu juyo gida. Mu ma muna da gindin da za a yi wa rassa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wasa ne mai dogon zango tun kafin a san talabijin, kuma kura da ɓotorami kowa yana da nasa labarin. Abubakar Imam ya sa aku ya jera labarai har littafi uku a Magana Jari Ce. Ƙagen kimiyyar ma ba baƙonmu ba ne: a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da Kolin Koliyo ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Na tambayi ajina wa ya taɓa jin sunan littafin, ba wanda ya ɗaga hannu, alhali kuwa kusan dukansu a gida da Hausa ake kiransu cin tuwo. Turanci ya kama makaranta, Tonanci ya kama kasuwa, Hausar kuma tana ta raguwa zuwa gaisuwa da aike. Laifin ba na yaran ba ne. Ni kaina kasusuwan wasannin da muka yi a makarantar Islamiyya muna yara, ranar Mauludi, na neme su a gidanmu na tarar ruwan sama ya gama da su.

Saboda haka ga roƙona. Duk mai kaka a gida, a Tafo ko Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, ya zaunar da ita ya ɗauki tatsuniyoyinta a waya, ya rubuta sunanta da ranar, ya ajiye kwafi a wuri biyu. Mai tsohon kaset na wasa ko na biki kada ya zubar. 'Yan'uwana malamai kuma mu nemo littafin Umaru Dembo mu karanta wa yara, sa'an nan mu ce su rubuta abin da zai faru in Kolin Koliyo ya sauka a kasuwar Kejetia. Ni na riga na ba wancan ɗalibin nawa wannan aiki, ya kuma kawo shafi uku, har ya sa wa baƙon ƙanwa wadda ya ce ita ma za ta sami nata labarin.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.